Laifes na Wane Gari? Sunayen Gwajin Ciwon Fankiriyas a Jinin Kare

Gaɓar nan ba ta yi sa'ar suna ba tun fil azal. Girkawan dā ne suka raɗa mata pankreas, daga kalmomi biyu: pan, wato duka, da kreas, wato nama. Duka-nama ke nan, domin in an buɗe ciki aka taɓa ta ba a jin ƙashi ko guringuntsi, sai tsoka mai laushi. Ana danganta sunan ga Rufus, wani likita mutumin Afisa da ya rayu wajen shekara ta 100 Miladiyya. Sunan bai ce komai game da aikinta ba, don a lokacin babu wanda ya san aikin. Galen, wanda maganarsa ta mallaki likitanci sama da shekara dubu, ya ɗauke ta a matsayin matashi kawai, wanda aka shimfiɗa wa jijiyoyin jinin da ke bayan tumbi.

Larabci ya ari kalmar ya ce bankiriyas, Faransanci da Ingilishi suka ɗauke ta kusan yadda take. Mu kuwa a Hausa, sau da yawa mai bayanin ciwon sukari yakan ce "saifa". Saifa daban take. Ita ce jan naman nan mai duhu da mahauci ke ɓanɓarowa daga jikin tumbi, aikinta tace jini, ba ta fitar da ruwan narkar da abinci, ba ta kuma yin insulin. Fankiriyas fara ce mai ɗan ja-ja, kuma a jikin kare reshe biyu gare ta: ɗaya yana bin farkon ƙaramin hanji ta gefen dama, ɗaya yana kwance a bayan tumbi. Gara a ari sunan a gyara masa lafazi da a ba ta sunan maƙwabciyarta, don haka fankiriyas za mu riƙa cewa.

Mafi yawan abin da ɗan Adam ya fara sani game da aikin wannan gaɓa, a jikin kare ya koye shi. A 1664 Regnier de Graaf, wani matashin ɗalibin likitanci a Leiden ta ƙasar Holan, ya zura bututun gashin tsuntsu a magudanar fankiriyas ta kare mai rai, ya tari ruwan da ke fitowa. A ƙarshen shekarun 1840 Claude Bernard ya nuna a Paris cewa wannan ruwa ne ke farfasa kitse. A 1889 Joseph von Mering da Oskar Minkowski suka cire wa kare fankiriyas gaba ɗaya a Strasbourg, sai ga shi ya kamu da ciwon sukari. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka yi aikin insulin a Toronto, da karnuka. Duk da wannan hidima, in fankiriyas ɗin karen kansa ta kumbura, har gobe likitan dabbobi ba shi da gwaji guda ɗaya da zai duba ya ce magana ta ƙare.

Sunan cutar a likitance fankiriyataitis ne. Wutsiyar nan ta "itis" Girkanci ce, likitoci suka mayar da ita alamar kumburi, shi ya sa ake jin ta a hepataitis da menenjaitis. Kalmar da ake ɗora mata a gaba don nuna cewa na farat ɗaya ne ta fito daga Latin acutus, mai kaifi ko mai tsini. Yadda abin ke faruwa kuwa shi ne: fankiriyas tana ƙera sinadaran narkar da abinci ta adana su a kulle, ba sa buɗewa sai sun isa hanji. Babbansu tiripsinojin ne, wanda in hanji ya gutsure masa ɗan guntu sai ya zama tiripsin, shi kuma ya bi sauran yana tayar da su. In wannan buɗewa ta auku tun a cikin gida, gaɓar za ta fara narkar da kanta da kitsen da ke kewaye da ita. Hans Chiari ne ya kawo wannan bayani na cin kai a 1896. Kare ya ɓarke kwandon shara ya cika ciki da maiƙo, ko kitse ya yi yawa a jininsa, ko an ba shi wasu magunguna irin su fotasiyam buromaid na farfaɗiya, duk ana lissafa su cikin abubuwan da ke jawo shi, amma a karnuka da yawa ba a gano sanadi.

Alamominsa ba su da wani tambari na kansu. A 1998 Rebecka Hess da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun duba bayanan karnuka 70 da cutar ta kashe: kashi 91 cikin 100 sun daina cin abinci, kashi 90 suna amai, amma kashi 58 ne kawai aka lura da ciwon ciki a jikinsu. Ƙin abinci da amai kuwa, wace cuta ce ba ta sa kare su? A likitancin mutane akwai ƙa'idar da aka tsara a birnin Atlanta a 1992 aka sabunta a 2012, wadda ke neman biyu cikin abubuwa uku: irin ciwon cikin da aka san cutar da shi, hauhawar sinadari a jini har ninki uku na iyakar lafiya, ko shaidar hoto. Mutum zai ce ga inda yake min ciwo, yana ratsawa har baya. Kare sai dai ya kwantar da ƙirji ya ɗaga ƙugu sama, in ma ya yi. Ɗaya daga cikin ƙafafun ukun ta raunana ke nan, shi ya sa nauyin ya koma kan jini.

Abin da ake nema a jinin shi ake kira bayomaka, wato alamar da jiki ke bayarwa wadda za a iya aunawa. Wani kwamiti na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ya fitar da ma'anar kalmar a 2001, kuma abin lura a ma'anar shi ne an ce mai nuni ce. Ba a ce hukunci ba.

Alamomi biyu na farko aro aka yi daga asibitin mutane. Robert Elman ya nuna a 1929 cewa amiles yana hawa a jinin mai ciwon fankiriyas, Cherry da Crandall suka kawo laifes a 1932. Amiles daga amylon yake, sunan sitaci a Girkanci, wanda asalinsa ke nufin "abin da ba a niƙa ba", saboda jiƙa alkama ake yi a fitar da shi ba tare da an kai ta dutsen niƙa ba. Laifes daga lipos, kitse. Wutsiyar da suka yi tarayya a kanta an yanko ta ne daga diyastes, sinadarin farko irin wannan da Payen da Persoz suka ware a Faransa a 1833. Daga baya Émile Duclaux ya ba da shawarar a riƙa liƙa ta ga kowane sabon da aka gano. To amiles na nufin mai farfasa sitaci, laifes mai farfasa kitse. Sunayen sana'a ne, irin maƙeri ko majemi. In aka ce maƙeri an faɗi abin da mutum yake yi, ba a faɗi garinsu ba. Kuma tsohon gwajin laifes haka yake aiki: a zuba kitse a cikin ruwan jini, a ga nawa aka farfasa a minti ɗaya. Ƙidayar garemanin da aka ƙera ke nan, ba tare da an tambayi wa ya ƙera ba.

A jikin mutum wannan ƙidaya tana da amfani ƙwarai, domin mafi yawan laifes ɗin da ke yawo a jininsa daga fankiriyas yake. A kare lamarin ya sha bamban. Tumbinsa yana yin laifes, hantarsa tana yi, akwai wani a bangon jijiyoyin jini, akwai wani a cikin kitsen jiki. A 1991 Kenneth Simpson da abokansa a Ingila suka yi gwajin da ya kamata a ce ya rufe bakin kowa: suka cire wa karnuka fankiriyas, suka ci gaba da auna jininsu, sai ga amiles da laifes suna nan daram. Gari ya tashi, ƙira ba ta tsaya ba. Bayan haka, ƙoda ce ke kawar da sinadaran nan daga jini, don haka in ta gaza sai su taru ko da fankiriyas lafiya lau take. Tun 1982 ma an nuna cewa allurar deksametason kaɗai tana iya ɗaga laifes a karen da ba shi da ciwon. Ta ɗaya gefen kuma, a cikin karnuka 70 ɗin nan na Pennsylvania da cutar ta kashe, waɗanda laifes ɗinsu ya hau ba su kai rabi ba. Har yanzu injinan gwaji da yawa suna buga amiles da tsohon laifes a takardar sakamako, kuma a ganina illarsu a wurin ta fi amfaninsu, domin ido yana ganin lamba ta haura layi sai zuciya ta riga ta yanke hukunci.

Daga nan tarihin gwaje-gwajen ya koma tarihin ƙara wa suna kalmomi, kowace kalma tana ƙoƙarin toshe wata kafa da aka gano.

Tiripsin ne aka fara komawa gare shi, tunda shi fankiriyas kaɗai ke yin sa. Wilhelm Kühne, Bajamushen da ya ƙirƙiro kalmar inzayim, sunan irin waɗannan sinadarai, a shekarun 1870, shi ya raɗa masa suna a 1876, kuma bayanin da aka fi yawan bayarwa shi ne daga tripsis ne, wato murza, saboda ta hanyar murza naman gaɓar aka fara samo shi. A farkon shekarun 1980 David Williams da Roger Batt suka samar da gwajin TLI a Liverpool. Harafin T na tiripsin ne, L na kalmar da ke nufin "mai kama da", I kuma na doguwar kalmar da ke nufin abin da antibodi ya gane ya kama. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki wanda ke gane siffar abu ɗaya ya manne masa. A nan an bar ƙidayar garemani, an koma duban fuska. Ina ganin girman masu wannan suna saboda harafin nan na tsakiya. Sun san antibodin nasu ba ya bambance tiripsin da tiripsinojin da ba a buɗe ba, da wanda wani furotin ya riga ya ɗaure, don haka suka rubuta hakan a cikin sunan. Kama da Wane ba ta Wane, kuma ba su ɓoye ba.

Sai dai TLI an yi shi ne don akasin cutar da muke magana a kai: halin da fankiriyas ta ƙanƙance ta daina fitar da sinadaran narkewa, kare yana ci kamar me yana ramewa yana zawo mai maiƙo, abin da aka fi gani a karen Jamus da muke kira Alseshan. A wannan fage har yau babu kamarsa, lamba ta faɗi ƙasa warwas, an gano cuta. A gwajin Simpson ma shi ne ya faɗi bayan cire gaɓar. Amma a kumburi na farat ɗaya yana hawa ne da wuri ya sauko da wuri, kafin mai kare ya gama cewa bari mu ga gobe, ya riga ya koma daidai. Yana kuskure fiye da rabin masu ciwon.

Williams ɗin nan ya koma Amurka, kuma a ɗakin binciken cututtukan ciki na Jami'ar Texas A&M shi da Jörg Steiner suka ɗauki dabarar antibodi suka ɗora ta a kan laifes. A 2002 suka tace laifes tsantsa daga fankiriyas ta kare, a 2003 suka wallafa gwajin da ke gane shi shi kaɗai. Sunansa cPLI: ƙaramin c na kare, P na fankiriyas, L na laifes, I irin na TLI. Yanzu maƙerin ya sami gari da ƙabila. Kamfanin IDEXX na jihar Maine ya mayar da shi haja a tsakiyar shekarun 2000 da sunan Spec cPL, sannan ya fito da SNAP cPL, wata 'yar na'urar roba da ake amfani da ita a asibiti nan take. Ana ɗiga ruwan jini, a danna ta har ta yi ƙas, bayan kamar minti 10 a kwatanta duhun ɗigo biyu. Mai karanta takarda zai iya gane irin gwajin da aka yi masa daga ma'aunin da aka rubuta a gefen lamba: in ya ga U/L, aiki aka auna, in ya ga maikurogiram a lita, nauyin furotin ɗin kansa aka auna.

Matakan Spec cPL uku ne a aikace. Daga 200 zuwa ƙasa lafiya. Daga 400 zuwa sama an ce ya dace da ciwon fankiriyas. Tsakaninsu kuma wani fili ne da ba fari ba baƙi ba, inda shawarar ita ce a sake gwaji bayan ɗan lokaci a kuma nemi wasu dalilai. SNAP ba ya ba da lamba, yana cewa daidai ne ko ba daidai ba, kuma iyakarsa tana wajen 200 ɗin nan ta ƙasa. Wato duk karen da ya faɗa filin tsakiya, SNAP zai sa shi cikin waɗanda ba daidai ba.

Kalmar da ta fi kowace jawo ruɗani ita ce Spec. Gutsuren kalmar Ingilishi ce mai nufin "wanda ya keɓanta", kuma a ɗakin gwaji tana da ma'ana biyu da ba su haɗa hanya ba. Ma'ana ta farko ta masu sinadarai ce: gwajin yana kama wannan furotin ne kaɗai, ba ya ruɗewa da laifes na tumbi ko na hanta. A wannan ma'ana Spec cPL ya cika sunansa. Ma'ana ta biyu ta masu lissafin cututtuka ce, wadda Jacob Yerushalmy ya shigo da ita a 1947 yana nazarin hotunan ƙirji na tarin fuka. Shi ya ware abubuwa biyu: ƙarfin kamawa, wato cikin masu cutar 100 nawa gwaji ya gano, da ƙarfin wankewa, wato cikin marasa cutar 100 nawa ya sallama. Na biyun nan shi ma da kalmar "keɓanta" ake kiran sa. Mai kare, har da likita mai gaggawa, yana ganin Spec a jikin kwali sai ya karanta ma'ana ta biyu, alhali ta farko aka yi masa alkawari.

Alƙaluma sun nuna tazarar. A wani bincike na asibitoci da yawa a Amurka da McCord da abokan aiki suka wallafa a 2012, SNAP ya kama fiye da 90 cikin 100 na masu ciwon, amma ƙarfin wankewarsa ya tsaya tsakanin 71 da 78. Kusan ɗaya cikin huɗu na karnukan da ba wannan ke damun su ba ya shafa musu. A 2014 Haworth da abokansa a Ostireliya suka gwada karnuka 38 da aka kawo da matsanancin ciwon ciki, suka ga gwajin zai iya nuna fankiriyas a kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ainihin matsalarsu wata ce daban. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karen da ƙashi ko tsumma ya toshe masa hanji tiyata yake buƙata yau, in aka kwantar da shi ana ƙarin ruwa ana jiran fankiriyas ta huce, hanjin zai iya ruɓewa. An kuma ga lambar tana hawa a karnuka masu cutar Cushing, wadda jiki ke fitar da kotisol fiye da kima, ba tare da wata alamar ciwon ciki ba.

Shin gwajin ƙarya ya yi a irin waɗannan? Mai yiwuwa a'a, kuma nan ne maganar ta fi daɗin bi. Fankiriyas tana manne da hanji, tana kusa da tumbi da hanta, kuma ba ta jure ƙarancin jini. In hanji ya toshe, ko ruwan jiki ya ƙare, ko ciki ya yi ruwa mai ƙwayoyin cuta, ita ma takan taɓu ta zubo laifes. Laifes ɗin nata ne da gaske, kumburin ma wataƙila akwai shi, amma ba shi ya kawo kare asibiti ba. Sunan gwajin ya faɗi inda furotin ya fito. Bai faɗi abin da ya sa ya fito ba, kuma babu ɗaya cikin haruffan nan da ke wakiltar "itis".

Hatta ma'aunin da ake gwada gwaje-gwajen da shi, wato yanka naman gaɓar a duba a maikuroskof, yana da nasa rikicin. A 2004 Shelley Newman da abokan aiki suka yayyanka fankiriyas na karnuka 73 da aka kawo binciken gawa, kowace santimita 2, suka sami alamun kumburi a fiye da rabinsu, a warwatse, nan akwai can babu. Penny Watson ta Jami'ar Cambridge ta duba gawawwakin karnuka 200 a 2007 ta sami daɗaɗɗen kumburi a kashi 34 cikin 100. To in haka abin yake da yawa a karnukan da wasu cututtuka suka kashe, wane kumburi ne cuta, wanne ne tabon rayuwa kawai? A wani bincike na California a 2011, da aka ɗauki iyakar 400, Spec cPL ya kama kashi 21 ne kawai na masu ɗan kumburi, da kashi 71 na masu matsakaici zuwa mai tsanani. Wani zai ce gwajin ya gaza a rukunin farko. Wani zai ce ya yi daidai da ya ƙyale su. Sannan bambancin da ke tsakanin na farat ɗaya da daɗaɗɗe, a wajen masu maikuroskof, bambancin irin ƙwayoyin da suka taru ne da kuma ko nama ya riga ya zama tabo. Jini ba ya ganin wannan. Karen da ya faɗi yau yana amai zai iya kasancewa ya shekara da ciwon a ɓoye, yau ne kawai ya motsa.

Ana cikin haka sai tsohon gwajin aiki ya dawo da sabuwar riga. Maimakon kitsen da ake zubawa a dā, aka ƙera wani na musamman mai sunan da ya kusa cika layi guda, aka taƙaita shi DGGR. D na dailoril ne, wato sarƙa biyu ta irin kitsen da ke cikin man kwakwa da alayyadi. G na farko gilisarol, G na biyu gulutarik asid. R kuma resorufin, wani rini da ke ɗaure a jikin kitsen. In laifes ya yanke ɗaurin sai rinin ya saki launi, inji ya auna saurin fitowarsa. Ana haɗa shi da gishirin ruwan matsarmama da wani ɗan furotin mataimaki, kolaifes, waɗanda laifes na fankiriyas ya fi sauran jin daɗin aiki da su. An fara tabbatar da shi a karnuka a 2005. A 2014 Peter Kook da abokansa a Zurich suka nuna cewa sakamakonsa da na Spec cPL suna tafiya tare ƙwarai, ga shi da araha, ga shi kowane injin sinadarai na asibiti zai iya yin sa. A binciken nasu kuma duka biyun ba su cika dacewa da hoton sikanin ba, abin da ya kamata ya sanyaya gwiwar kowane ɓangare.

Mutanen Texas ba su yarda ba. A 2020 suka wallafa gwajin da suka yi wa karnuka da kyanwoyi allurar hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa, wanda kuma ke sakin laifes na hanta da na bangon jijiya su shiga jini. Lambar DGGR ta hau. Hujjarsu ta tsaya: wannan kitse ba na fankiriyas kaɗai ba ne. Masu goyon bayan DGGR kuma suna cewa karen da aka kawo yana amai ba a yi masa allurar hefarin ba, kuma a aikace amsar ɗaya ce. Ya kamata mai karatu ya san cewa akwai ciniki a cikin gardamar, kuma Steiner da kansa yana bayyana alaƙarsa ta aiki da IDEXX a takardunsa. Kamfanin Antech, da yake sayar da nasa gwajin DGGR, ya kira shi Precision PSL, inda S ɗin ba na "keɓanta" ba ne, na ɗaya kalmar ce, mai nufin ƙarfin kamawa. Kamfanoni biyu sun raba kalmomin Yerushalmy a tsakaninsu, kowa ya ɗauki wadda lauyansa zai iya karewa. Da Harry Cridge da abokan aiki suka jera gwaje-gwaje huɗu a kan karnuka 50 a Mississippi a 2018, har da waɗannan biyun da SNAP da VetScan cPL, sun tarar sun yi kusa da juna, kuma babu wanda ya isa a dogara da shi shi kaɗai.

Akwai wasu sunayen da suka zo suka wuce ba su zauna ba, irin su TAP, ɗan guntun da ake gutsurewa daga tiripsinojin, da ilastes. Wanda ya zauna shi ne CRP, kuma sunansa ba ruwansa da kare ko fankiriyas. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a cibiyar Rockefeller da ke New York, a jinin masu ciwon nimoniya: wani furotin da ke manne wa ɓangaren ƙwayar cutar da aka yi wa laƙabi da C. Hanta ke yin sa, kuma a kare yana hawa cikin sa'o'i kaɗan a kowane irin kumburi, daga mahaifa mai mugunya har cizon wani kare. Ba ya nuna wuri ko kaɗan. Amfaninsa a bibiya ne: in ana auna shi kullum aka ga yana sauka, jinya tana ci; in ya ƙi sauka, a sake lale.

Ga likitan dabbobi a Zariya ko Jos ko Maiduguri, akwai wani dalili na musamman na karanta sunayen nan da hankali. Kusan duk alƙaluman da aka ambata an tattara su ne a karnukan Amurka da Turai da Ostireliya, inda kaska ba ta yi wa karnuka katutu kamar nan ba. A shekara ta 2000 likitoci a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu suka ba da rahoton cewa ciwon fankiriyas na farat ɗaya yana iya biyo bayan babesiya, ƙwayar cutar da kaska ke sawa a jini, wadda ta ci sunan Victor Babeş, ɗan Romaniya da ya fara ganin ta a shanu a 1888. A 2015 aka auna cPL a karnukan da ke ɗauke da nau'inta mafi muni, Babesia rossi, aka tarar ya hau a da dama daga cikinsu. Wannan nau'i an tabbatar da shi a karnukan Nijeriya, har da na jihar Filato. An kuma ga lambar tana hawa a wasu karnuka masu cutar elikiya, ita ma ta kaska, da 'yan kwikwiyo masu fabo, cutar amai da zawon jini.

Saboda haka karen farauta ko na gadi da aka kawo da zazzaɓi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja, yana amai, ɗigon SNAP zai iya yin duhu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma gwajin da zai nuna abin da ke kashe shi ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: ɗigon jini daga bakin kunne, a shafa a gilashi, a rina da Giemsa, a duba jajayen ƙwayoyin jini a nemi halittun nan biyu-biyu masu kai ɗaya a tsuke. Fankiriyas za a lallaɓa ta da ƙarin ruwa, da maganin amai, da maganin zafi, da abinci maras maiƙo da zarar ya iya ci. Babesiya kuwa sai imidokab ko diminazin, wanda makiyaya suka sani da sunan Berenil. Shi wannan na biyun tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare ƙanƙanuwa ce, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, don haka sai an ɗora kare a sikeli an lissafa, ba a yi masa awon ido irin na sa.